Yarona ya nace sai gasar ninƙaya: me zai tsinta a ciki idan bai zama zakara ba?

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Garwa, arewacin Kamaru, ne ya aiko da tambayar. Ɗansa ɗan shekara 13 ya koyi iyo a Binuwai tare da yaran unguwa, daga baya ya fara zuwa pisin, wato tafkin iyo, na wani otal, mai koyar da su ya ce yaron yana da baiwa, a bar shi ya shiga horon gasa. Alhaji ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ninƙaya ta ciyar ba, ga karatu, ga kuɗin shiga ruwa kullum. Ya ce tunda na yi harkar tun ina yaro har na gama jami'a, kuma yanzu ina koyarwa, in faɗa masa tsakani da Allah: idan yaro ya ba da shekarunsa ga wannan abu bai zama kowa ba, me ya rage a hannunsa?

Alhaji, Allah ya raya mana shi. Bari in fara da abin da ka riga ka sani, don kada ka ce na yi maka zaƙin baki. Ninƙaya ba za ta ciyar da ɗanka ba. A garin da kowane yaro ke mafarkin saka rigar Coton Sport, ko ƙwallon da ake rububinta mutum nawa ta ciyar, balle iyo, wanda ko a Turai 'yan ƙalilan ne ke cin abinci da shi? Yawancin ƙungiyoyi da gasanni suna can Yawunde da Duwala. Mu 'yan arewa idan za mu je gasa sai mu hau mota zuwa Ngaundere, mu kwana a jirgin ƙasa, mu sauka da kumburarrun ƙafafu mu tarar da yaran da suka kwana a gadonsu. In lissafin kasuwa za a yi, asara ce. Amma ba wannan ka tambaya ba, me ya rage ka tambaya, kuma a nan ina da abin faɗa.

Babban abin da ruwa ya koya mini shi ne zama lafiya da gaskiyar da ba ta da kara. A ƙwallo yaro zai iya dawowa gida ya ce alƙalin wasa ne ya cuce mu, ko mai tsaron gida ne ya yi barci, ko koci ne ba ya ƙaunata. Wani lokaci ma gaskiyarsa ne. A ninƙaya layinka naka ne kai kaɗai, an raba shi da igiya, babu mai taɓa ka. Ka taɓa bango, ka ɗago kai, a karanto maka lokacinka: minti 1 da sakan 9. Shi ke nan. Agogo bai san ɗan wane ne kai ba, bai san ubanka ne ya sayi rigunan ƙungiya ba, bai damu da cewa ka kwana a jirgi ba. Mu da muka tashi a al'adar da ake sakaya magana don kada a ɓata wa mutum rai, wannan abu da zafi yake da farko. Na sha ganin yaro ya fito yana cewa wallahi agogon malam ya lalace. Bayan an jima yakan daina, kuma ranar da ya daina wani abu ya canza a cikinsa wanda ba zai koma ba.

Ga inda abin ya fi daɗi. Saboda lokaci ake aunawa, yaro yakan gane cewa zuwa na ɗaya da yin ƙoƙari abubuwa biyu ne daban. Kana iya cin rukuninka da lokaci mai muni don an haɗa ka da raunana, koci ya kalle ka ko murmushi babu. Kana iya zuwa na ƙarshe amma ka rage sakan biyu daga lokacinka na baya, ka ga koci yana tsalle a bakin ruwa. Yaron da ya shekara yana ganin wannan ba ya saurin ruɗuwa da yabon mutane, ba ya kuma saurin karaya da dariyarsu. A wasannin Olamfik na Sidni a 2000, Eric Moussambani na maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini ya yi iyon mita 100 shi kaɗai, domin abokan karawarsa biyu, ɗan Nijar da ɗan Tajikistan, sun yi azarɓaɓin faɗawa ruwa aka fitar da su. A pisin ɗin otal ya koyi iyo, kamar ɗanka, bai taɓa shiga tafki mai mita 50 ba sai da ya je can. Ya gama a minti 1 da sakan 52.72, yana neman nutsewa a ƙarshe, alhali wanda ya ci zinaren wannan tsere ya yi sakan 48.30. Duniya ta yi ta raha da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutumin ya koma gida ya ci gaba da horo har ya sauko ƙasa da minti ɗaya, kuma daga baya shi aka naɗa kocin ƙasarsa. Wanda ya san ruwa ya san abin da ake nufi da rage sama da sakan 50 a mita 100.

To amma ta yaya ake rage sakan ɗin? Nan ne ainihin makarantar take, kuma babu abin burgewa a ciki ko kaɗan. Bari in nuna maka safiya guda ta horo. An idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, lokacin hunturu ne, ruwan ya kwana yana shan iska. Yara sun jeru a baki suna rawar ɗari, kowa na jiran wani ya fara shiga. Koci ya jingina babban agogo a jikin kujera ya ce: mita 100 sau goma, kowane minti 1 da sakan 40 ku tashi. Ma'anarsa, idan ka gama a minti 1 da sakan 20, kana da sakan 20 na hutu kana riƙe da bango kana haki. Idan ka yi kasala ka gama a minti 1 da sakan 38, sakan biyu kawai gare ka, ko numfashi ba ka gama ja ba hannun agogo ya iso, sai ka sake tafiya. Babu wanda ya hukunta ka. Kai ka cinye hutunka da kanka. A zagaye na bakwai hannaye sun yi nauyi, ƙirji na zafi, ba ka jin komai sai kumfar numfashinka, ba ka ganin komai sai baƙin layin da ke ƙasan ruwa. Babu 'yan kallo, babu abokin hira, babu waya. Kai da zuciyarka ne, tana ce maka tsaya ka gyara tabarau, ai ba wanda zai gane.

Wannan zaman kaɗaici da aiki mai gundura shi ne abin da na fi cin moriyarsa daga baya. Lokacin da muke shirin jarrabawar bak ta gama sakandare, abokaina da suka fi ni kaifin ƙwaƙwalwa ba sa iya zama awa biyu a kan littafi ba su miƙe ba. Ni ban fi su basira ba, amma na saba da yin abu ɗaya sau da yawa ba tare da na ga amfaninsa a ranar ba. A zamanin nan da yaro ba ya iya kallon bidiyon minti uku har ƙarshe, wannan ba ƙaramin jari ba ne.

Akwai kuma abin da yaran kogi musamman suke koya, kuma ina zaton ɗanka ya fara cin karo da shi. Yaron Binuwai yana zuwa pisin da ƙarfi da rashin tsoro, kansa a sama, yana dukan ruwa kamar mai faɗa da shi. A mita 25 na farko yakan wuce kowa. Kafin a kai 75 wata siririyar yarinya da ko bokitin ruwa ba ta iya ɗagawa ta sulale ta gabansa. Dalili shi ne ruwa ya fi iska kauri kusan ninki 800, kuma idan ka ninka gudunka, turjiyar da yake yi maka kusan ninki huɗu take yi. Da ka ɗaga kai, ƙugu da ƙafafu sun nutse, ka zama mai jan jikinka a tsaye. Don haka dole mai ƙarfi ya yarda a mayar da shi baya: ka sa fuska a ruwa, ka fitar da numfashi a ciki, ka miƙe, ka rage yawan wurga hannu. Wata da watanni zai ji kamar an rage masa gudu, kuma lalle an rage. Yaron da ya iya haɗiye girman kai ya bari a rushe abin da yake taƙama da shi a sake ginawa, ya koyi karɓar gyara. Na ga manyan mutane masu digiri da ba su taɓa koyon wannan ba.

Sai maganar tsayawa cik, wadda nake so ka ji da kyau domin a nan iyaye suka fi ɓata abu. Tsakanin shekara 11 zuwa 15 yaro yana rage lokaci kusan kowace gasa, ba don horo kaɗai ba, don jikinsa na tsawo. Wanda ya riga sa'o'insa girma sai ya yi ta kwashe lambobi, a yi ta ce masa zakara. Sannan girma ya tsaya, waɗanda suka makara su kamo shi, lokacinsa ya ƙi motsi. Ni ma na shiga wannan, na daɗe ina tashi da asuba ina aikin da ya fi na da, amma allon yana maimaita mini lamba ɗaya. Yara mata sun fi shan wahalarsa, domin sauyin jiki yakan mayar da lokacinsu baya na ɗan wani zamani. Mafi yawan masu bari a nan suke bari. Waɗanda suka daure su ne suke gano cewa aiki ba ya biya a ranar da ka yi shi, wani lokaci ma ba ya biya ta hanyar da ka zata. Kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai wanda zai daure kuma lokacin ba zai taɓa sauka ba. Shi ma ya koyi wani abu, wato ya san iyakarsa ta gaskiya, ba wadda tsoro ya zana masa ba.

Game da shan kaye ba zan tsawaita ba. A Olamfik na Seul a 1988, Anthony Nesty na Suriname ya doke Matt Biondi na Amurka a mita 100 na iyon papiyon, wato salon malam-buɗe-littafi, da kashi 1 cikin 100 na sakan: 53.00 da 53.01. Biondi ya miƙa hannu yana sulalawa zuwa bango, Nesty ya ƙara bugu ɗaya. A irin wannan wasa ana fitar da kai don ka motsa kafin a busa, ko don ka taɓa bango da hannu ɗaya a iyon kwaɗo maimakon biyu, ko don ka wuce mita 15 a ƙarƙashin ruwa bayan nutso. Ka yi tafiyar kwana biyu, a soke ka a cikin sakan guda, kuma da rana kana da wani tseren. Dole ka share hawaye ka sake hawa dandamali.

Mutane suna ɗauka wasan mutum ɗaya ne. A rana ta gasa haka ne, amma babu wanda ke iya wannan horo shi kaɗai. Abokin da ke taɓa maka tafin ƙafa daga baya saboda ka rage gudu, shi ne abokin hamayyarka ranar Asabar, kuma shi ne za ku raba burodi da sardin a jirgi. A ƙungiyarmu akwai Bafulatani, akwai Bamusgu, akwai 'yan kudu Kiristoci da iyayensu ke aiki a arewa. Har yau idan ina da matsala a Duwala akwai ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Yanzu jami'a, domin na san wani zai zo ya ce maka ai ana samun tallafin karatu a Amurka da ninƙaya. Gaskiya ne, ana samu. A can jami'o'i ne ke riƙe da wasan, ƙarƙashin hukumar NCAA, suna gasa a tafki mai yadi 25, kuma ƙa'ida ta kayyade horo da awa 20 a mako lokacin kakar wasa. Ta nan Kirsty Coventry ta Zimbabuwe ta bi, ta yi jami'ar Auburn, ta ci lambobin Olamfik bakwai, kuma a 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko. Oussama Mellouli na Tunisiya ya yi jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya ci zinaren mita 1500 a 2008. Léon Marchand na Faransa da ya kwashi zinare huɗu a Paris a 2024, a jami'ar jihar Arizona ya yi horo. Amma Alhaji, waɗannan sun tashi ne da tafkuna na gaske da ƙwararrun koci tun suna ƙanana, kuma ko su sai da takardun makaranta masu kyau da Turancin Ingilishi aka karɓe su. Tallafin ma sau da yawa rabi da rabi ne. Kada ka gina lissafinka a kai, kada kuma ka bari a saka wa yaro wannan a rai har ya saki littafi. Idan ya zo, alhamdu lillahi.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ɗalibi a Ngaundere ko Marwa ko nan Garwa, wanda babu mai biyansa, babu mai tilasta masa, yana neman ruwan da zai yi horo tsakanin lacca da lacca. A ganina a nan ne ake gane ko darasin ya kama. A lise, wato sakandare, uba ne ke tashinka, koci ne ke kiran suna. A jami'a babu wanda zai tambaye ka. Na lura waɗanda suka ci gaba da horo a wannan mataki ba su ne ke faɗuwa jarrabawa ba, domin wanda ya san awa uku kawai gare shi da yamma ba ya zubar da su a teburin mai shayi. Wanda ke da yini guda cur shi ne ke cewa sai an jima.

Sannan wata rana a gama. Wannan ne ba a gaya wa yara. Kusan kowane ɗan ninƙaya yana yin tserensa na ƙarshe yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya fito, ya goge jiki, washegari ya farka da asuba babu inda za shi. Michael Phelps, mai zinaren Olamfik 23, ya fito fili ya faɗi irin ƙuncin rai da ya shiga bayan wasanni, har ya kai ga ba ya son ci gaba da rayuwa. Idan mai wannan tarin lambobi ya ji haka, to ba lambobi ne maganin ba. Waɗanda na ga sun tsallake wannan gaɓa lafiya su ne waɗanda a gidansu ba a taɓa mayar da su "ɗan iyo" kawai ba. Saboda haka rabin amsar tambayarka a hannunka take. Idan ya dawo daga gasa, kada tambayarka ta farko ta zama na nawa ka zo. Ka tambaye shi lokacinsa, ka tambaye shi na baya, ka bar shi ya yi maka bayani. Ka ci gaba da aikensa shago ranar da babu horo, ya ci gaba da zuwa islamiyya.

Kuma ba duk abin da ruwa ke koyarwa ne alheri ba, wannan ma sai an sa ido. Yaron da aka horar ya daure wa zafi yakan kasa bambanta gajiya da rauni. Zafin tsoka bayan horo ba komai, amma ciwon da ke soka a cikin kafaɗa idan ya ɗaga hannu, wanda ke hana shi kwanciya ta wannan gefen, hutu da likita yake so, ba jarumta ba. Yaron da aka horar ya bi umarnin koci ba musu yana iya yin shiru a inda ya kamata ya yi magana. Ka san mutumin da za ka damƙa wa ɗanka. Ka riƙa faɗowa wurin horo ba sanarwa. Kocin da ke zagi, ko yake hana iyaye kallo, ko yake son keɓewa da yaro ɗaya, ka janye ɗanka ko da shi ne gwanin gwanaye. Tafiya gasa kuma a tabbata akwai babba na biyu.

Saura kogi. Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, nahiyarmu ce kuma ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Don haka ko bai taɓa cin lamba ba, yaron da ya ƙware yana ɗauke da abin da zai iya tsirar da shi ko wani. Amma gwanintar pisin takan sa yaro raina kogi, alhali a pisin babu igiyar ruwa, babu rami, babu dorina. Binuwai a watan Agusta da Satumba, balle idan an saki ruwan madatsar Lagdo, ba wurin gwada ƙwarewa ba ne. Ka sa a koya masa ceto yadda ya kamata: a miƙa sanda ko a jefa jarka da igiya kafin a yi tunanin shiga, domin mai nutsewa yana danne duk wanda ya kama. Tunda kuma ya daɗe yana wanka a kogi, ka kai shi asibiti a duba fitsari da bayan gida saboda tsargiya, ko da bai ga jini ba. Maganinta, praziquantel, ba wuyar samu gare shi ba, kuma yaron da ke ɗauke da ita yakan yi ta gajiya a horo a zaci lalaci ne.

Shawarata, ka ba shi shekara guda, da sharaɗin da ku biyu za ku zauna ku yanka: makin makaranta kada ya sauka, sallah kada ta wuce, kuma idan ya fara ba zai bari a tsakiyar shekara don sanyi ko don an doke shi ba. Ku sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da nisan da lokacin duk tseren da ya yi. Da azumi a mayar da horo bayan tarawihi ko a sassauta shi, kocin kirki ya san wannan. Idan shekara ta cika, ku buɗe littafin da katin sakamakon makaranta tare, shi ya fara magana kafin kai.